MAGANI MA YANA DA ƘA'IDA: ZANCEN YARA MASU TSAGEWAR ƘASHIN BAYA

Akwai wata lalura da ake haifar jarirai da ita, wadda mutanenmu ba su cika son zancenta a fili ba. Jariri ya faɗo, ungozoma ta juya shi, sai a ga wani ƙullutu a gadon bayansa, yawanci wajen ƙugu, wani da fata a bisansa, wani kuwa a buɗe yana tsattsafo da ruwa. Likitoci suna kiranta sifaina bifida, watau tsagewar ƙashin baya. An ƙiyasta kowace shekara ana samun jarirai wajen 300,000 a duniya masu wannan lalura ko danginta, yawancinsu kuwa a ƙasashe irin tamu suke.

Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne, da yawa daga yaran nan yanzu suna rayuwa, suna girma, har su isa shiga makaranta. Amma kusan duk ƙuruciyarsu ba su rabuwa da magani. Ra'ayinmu kuwa shi ne, bayan likita ya ɗinke bayan yaro ya sallame shi, babban abin tsoro gare shi shi ne maganin da za a yi ta ba shi a gida ba bisa ƙa'ida ba. A nan ne mu masu alƙalami, malaman makaranta da akawunan hukuma, muke da aikin yi.

ASALIN LALURAR

A cikin ƙashin bayan mutum akwai laka, ita ce ke kai saƙo daga ƙwaƙwalwa zuwa ƙafafu da mafitsara da hanji, kamar yadda waya ke kai magana daga gari zuwa gari. Hanyar da lakar nan ke bi takan rufe tun ciki yana da kwana 28, watau tun yawancin mata ba su ma san sun ɗauka ba. In ta kasa rufewa a wani wuri, to, nan ne tsagewar take. Wata ƙarama ce, mutum ya tsufa bai san yana da ita ba. Wata kuwa laka da jijiyoyi sukan fito waje, sai duk abin da ke ƙasa da wurin ya raunana: ƙafafu su shanye, ko su rasa jin zafi, fitsari da bayan gida su ƙi riƙuwa. Yawancin masu irin wannan babbar kuma ruwa yakan taru musu a ka, kan ya yi ta girma.

Jama'a sukan ce iska ce, ko sammu, ko kuwa uwa ta fita da almuru. Babu ko ɗaya. Abin da bincike ya tabbatar shi ne, ƙarancin wani sinadarin abinci da ake kira folik asid a jikin uwa yana cikin manyan dalilai, tare da gado, da ciwon sukari, da waɗansu magunguna. A 1991 aka bayyana sakamakon wani babban gwaji da Hukumar Binciken Magani ta Ingila ta shugabanta, aka ga matan da suka taɓa haifar irin wannan jariri, in sun sha folik asid tun kafin su sake ɗaukar ciki, lalurar takan ragu da kamar kashi 7 cikin 10.

DA DA YANZU

A zamanin kakanninmu irin wannan jariri bai cika kai shekara ba, ko a Turai. Abu uku suka juya al'amarin. Na fari, ɗinke bayan cikin kwana biyu ko uku da haihuwa, kafin ƙwayoyin cuta su shiga. Na biyu, bututun da ke janye ruwan ka zuwa cikin jiki. Wani makaniki ne ma na birnin Filadelfiya ta Amurka, John Holter, wanda aka haifa wa ɗa da wannan lalura a 1955, ya ƙera makullin bututun a 1956. Ɗan nasa bai yi tsawon rai ba, amma dubban 'ya'yan waɗansu sun rayu ta dalilinsa. Na uku, a 1972 wani likita a Mishigan, Jack Lapides, ya nuna cewa ana iya zurara siririyar roba mai tsabta a fitar da fitsari sau da yawa a yini, a gida, ba sai a asibiti ba. A nan Afirka ma, Likita Benjamin Warf ya yi aiki a Mbale ta Uganda tun daga 2000, ya gyara wata hanyar fiɗa wadda ke raba jarirai da yawa da bukatar bututu. A Arewa ana aikin ƙwaƙwalwa da laka a asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano.

Wanda duk ke shakkar ko irin yaran nan suna da amfani, ya dubi Tanni Grey-Thompson ta Birtaniya. Da wannan lalura aka haife ta a 1969, ta ci lambar zinariya 11 a tseren keken guragu na duniya, a 2010 kuma ta shiga Majalisar Dattawan ƙasarsu. Ƙafa ce ta kasa, kai bai kasa ba.

ƘODA ITA CE JARINSA

To, ga inda gizo ke saƙa. Mafitsarar yaron nan ba ta zubar da fitsari duka. Abin da ya kwanta yakan jawo ciwon mara da zazzaɓi, yakan kuma koma sama ya matsa wa ƙoda. Saboda haka tun yana goye ƙodarsa a cikin wahala take, lalacewar ƙoda kuwa tana cikin manyan abubuwan da ke kashe masu wannan lalura. Kusan kowane magani da mutum ya sha, hanta da ƙoda ne ke tace shi. Jakin da aka riga aka yi wa kaya ya rinjaye shi, ba a ƙara masa ko da dami ɗaya sai an duba.

Ga misali, allurar jentamaisin, wadda ake yawan yi wa masu ciwon fitsari. Magani ce mai kyau a hannun likitan da ya auna nauyin yaro, ya duba ƙodarsa, ya ƙayyade kwanaki. A hannun mai kemis kuwa, wanda zai yi ta maimaita ta duk sa'ad da jiki ya yi zafi, tana iya kashe ƙoda, tana iya kuma kurmantar da yaro har abada. Haka magungunan ciwon jiki irin su ibufurofen da dikilofenak, waɗanda ake sayarwa a faranti a tasha: suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, balle ga yaron da ke amai ko gudawa. Har wa yau, mai amfani da robar fitsari kusan kullum in an auna fitsarinsa a ga ƙwayoyin cuta, alhali kuwa lafiyarsa lau. Likitoci sun ce in babu zazzaɓi ko wata alamar ciwo, wannan ba ya bukatar magani. Amma sai ka tarar ana ɗura wa yaro kafso wata da watanni, har ƙwayoyin su saba, ranar da ciwo na gaske ya zo a rasa maganin da zai ci su.

Sa'an nan ga zancen awo. Maganin yara da nauyin jiki ake auna shi, ba da shekaru ba. Farasitamol, alal misali, miligiram 10 zuwa 15 ne ga kowane kilo, kada kuma ya wuce sau huɗu a yini da dare. Yaron da ƙafafunsa suka shanye nauyinsa yakan saɓa da na tsararrakinsa, don haka lissafin "rabin na babba" ba ya yi masa. Cokalin gida kuma ba ma'auni ba ne, gama wani ya ninka wani. Da yawa kuma ba su san maganin mura da na zazzaɓi sau da yawa farasitamol ne a cikinsu duka biyu ba, sai a haɗa wa yaro, hanta ta ɗauki ninki biyu. Asfirin kuwa ba a ba yara shi don zazzaɓi, kodin ma ba a ba wanda bai kai shekara 12 ba, Gwamnatin Tarayya kuma ta hana maganin tari mai kodin tun 2018.

CIWON KAN DA BA NA BANZA BA

A ƙasarmu kowane ciwon kai da amai zazzaɓin cizon sauro ake ce masa. Ga yaro mai bututu a ka wannan zato yana iya zama ajali. Bututun yakan toshe, ko ƙwayoyin cuta su kama shi, alamunsa kuwa su ne ciwon kai, da amai, da yawan barci, da rikicewar gani, wani lokaci da jijjiga. In aka ba shi maganin ciwon kai aka ce ya kwanta, an kashe ƙararrawa ne an bar gobara tana ci. Wannan yaro asibiti za a kai shi ran nan, a kuma gaya wa likita tun daga bakin ƙofa cewa yana da bututu. Malamin aji ya kan riga kowa ganin alamar: yaron da ke kan gaba a lissafi ya soma gyangyaɗi, rubutunsa ya karkace. Kafin a kai hannu ga bulala, a aika a kira iyayensa.

ZAFIN BAZARA, DA ROBA, DA ƘAFAR DA BA TA JI

Akwai wani magani, oksibutinin, da ake ba yaran nan don mafitsara ta saki, ƙoda ta huta. Yana da amfani ƙwarai, kada a daina shi sai da izinin likita. Amma yana busar da baki, yana ɗaure ciki, yana kuma rage gumi. A ƙasar da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, kamar Sakkwato da Maiduguri, yaron da ba ya gumi sosai in aka tsayar da shi a rana wajen taron safe ko faretin makaranta, jikinsa yana iya yin zafi har ya suma. Inuwa da ruwan sha su ne hakkinsa.

Tun 1989 kuma likitoci suka gane yaran nan da yawa jikinsu yakan ƙi robar itace, irin wadda ake safar hannu ta asibiti da balan-balan da ita, saboda yawan haɗuwa da ita tun suna jarirai. Wani borin jini kurum zai yi, wani kuwa numfashi ya sarƙe. In an taɓa ganin haka ga yaro, tilas a faɗa wa duk wanda zai taɓa shi a asibiti.

Ƙafar da ba ta jin zafi kuma ba ta kai ƙara. Gashi da ruwan zafi, ko kaskon wuta da hunturu, ko man zafi, duk suna ƙona yaro bai sani ba. Allurar da aka yi a ɗuwawu tana iya ruruwa ta yi mugunya ba wanda ya lura. Tsaga da sakiya da shafe-shafen gargajiya a kan ƙullutun ko a kan gyambo, ƙofa ce ake buɗe wa cuta zuwa laka. Jiƙe-jiƙen da ba a san abin da ke cikinsu ba kuwa, ƙodar nan dai ita za ta biya.

GUBA CIKIN KWALBA

Duk wannan zancen maganin ƙwarai ne da aka ba da shi ba daidai ba. Saura na jabu. A 1990 yara fiye da 100 suka mutu a Jos da Ibadan saboda ruwan farasitamol da aka haɗa da wata guba, dayetilin gilaikol, wadda ake sawa a man birki. A 1993 aka kafa hukumar NAFDAC. Duk da haka daga ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 maganin haƙori mai suna My Pikin ya kashe yara 84 da wannan guba. A 2022 yara wajen 70 suka mutu a Gambiya ta hanyar maganin tari. Gubar nan ƙoda take bi. In ta kashe yaro mai ƙoda lafiyayya cikin 'yan kwanaki, ina ga wanda tasa ta riga ta gaji? Yaron da ke shan magani sau ɗaya a shekara sau ɗaya yake ratsa wannan rafi, namu kuwa kullum yana cikinsa.

MASU CEWA ASIBITI YA YI NISA

Za a ce mana, "Malam, kuna zaune a birni kuna tsara magana. Asibitin koyarwa yana da nisan yini guda, kuɗin mota kaɗai ya cinye buhun gero, mai kemis kuwa ga shi a bakin kasuwa, har bashi yana bayarwa." Wannan gaskiya ce, ba mu musa ba. Ba mu kuma ce a rufe kemis ba, gama a ƙauyuka da yawa shi ne kaɗai abin da talaka ke gani. Amma mai kemis bai san ƙodar yaron nan ba, bai san yana da bututu ba, bai san abin da ya sha jiya ba. Uwa ta sani, sai dai sunayen magunguna ba su zauna mata ba. Likita ya sani, amma yana can nesa. Ashe abin da ya ɓace shi ne hanyar da sanin likita zai bi ya iso bakin kasuwa. Hanyar nan kuwa takarda ce.

Waɗansu kuma za su ji wannan bayani su ce, to, a bar magani mana gaba ɗaya. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago. Yaron da aka hana wa maganin mafitsara, ko na farfaɗiya, ko rigakafi, shi ma ƙodarsa ko ransa ne a bakin. Wuƙa tana yanka mai ita, amma ba wanda ya jefar da wuƙar gidansa saboda haka. Riƙo ake koya.

ABIN DA MUKE NEMA

Na ɗaya, kowane yaro mai wannan lalura ya sami littafin magani nasa na kansa. Littafin rubutu na 'yan makaranta ya isa. A shafin fari a rubuta sunansa, da ranar haihuwa, da aikin da aka yi masa, da ko yana da bututu, da abin da jikinsa ya ƙi, da sunan asibitinsa. A roƙi likita ya rubuta da hannunsa magungunan da bai yarda a ba shi ba. Bayan haka kowane magani a shigar da shi: suna, da awo, da rana, da wanda ya bayar, da nauyin yaro. Littafin ya bi yaro duk inda za shi, kada kowa ya ba shi ko ƙwaya ɗaya sai ya karanta. A zamanin En'e akawu yakan rubuta jangalin shanu. In an iya wa shanu rajista, ba za a kasa yi wa ƙodar yaro ba. Inda iyaye ba su karatu, malamin makaranta ko akawun gunduma da ke maƙwabtaka da su ya ɗauki rubutun nan sadaka. Shi kuma ya duba musu lambar NAFDAC da ranar lalacewar magani a jikin kwali.

Na biyu, hedimastoci su karɓi yaran nan. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta ce kowane yaro, dokar hana wariya ga naƙasassu da aka sa wa hannu a Janairun 2019 kuma ta ƙarfafa haka. Abin da yaron ke bukata kaɗan ne: aji a ƙasa ba hawa, da wuri mai sutura da ruwa da sabulu inda zai fitar da fitsari kowace sa'a uku ko huɗu, da izinin fita ba sai ya yi bayani a gaban aji ba. Malami kada ya ba shi magani daga aljihunsa, ko da tausayi ne ya sa. Ya kuma tsawata wa masu yi masa dariya, gama waɗansu daga cikin waɗanda suka bar makaranta kunyar warin fitsari ce ta kore su, karatu bai gagare su ba. Tun yana aji uku ko huɗu a soma koya masa sunayen magungunansa da awonsu, domin wata rana shi zai riƙe littafin da kansa. Kwalejojin horon malamai kuma ya kamata su sa wannan cikin darasin kiwon lafiya.

Na uku, ƙananan hukumomi su san yawan yaran nan a ƙasarsu, su tanadi ma'aunin nauyi da robar fitsari ta yara a ɗakunan shan magani, su taimaka da kuɗin mota zuwa babban asibiti.

Na huɗu, rigakafi, wanda masu iya magana suka ce ya fi magani. Kowace mace da ke iya ɗaukar ciki ta riƙa shan folik asid maikurogiram 400 kullum, tun kafin ciki da wata guda ko fiye, har ciki ya cika wata uku. In ta jira ranar awon ciki, an riga an makara. Wadda ta taɓa haifar irin wannan jariri likita zai ba ta kamar ninki goma na wannan. Alayyafo da zogale da wake da gyaɗa suna da shi, sai dai doguwar dahuwa tana rage shi. Amurka da Kanada sun tilasta sa shi a garin alkama tun 1998, lalurar kuwa ta ragu a can, a 2023 kuma Majalisar Lafiya ta Duniya ta yi kira ga dukan ƙasashe su bi wannan hanya. A ganinmu ƙwayar nan ta cancanci shiga kayan lefe, a kuma koya wa 'yan mata zancenta tun suna makaranta. Matan da ke shan maganin farfaɗiya mai suna balfurowet su sani tun 1982 aka gano a Faransa yana jawo wannan lalura ga jariri 1 ko 2 cikin 100. Kada su yanke shi da kansu, gama farfaɗiya ma tana kisa, amma su ga likita tun kafin ciki ya sauya musu in da hali.

Jama'a, cuta da magani duka na Allah ne, amma shi ne ya ba mu hankali da alƙalami. Yaron nan bai zaɓi yadda aka haife shi ba, ba shi kuma ke zaɓen abin da ake zuba masa a baki ba. Amana ce a hannun manya. Wanda ya karanta wannan, in ya san gidan da ke da irin wannan yaro, ya sayi littafi ɗaya ya kai musu, ya zauna ya cika shafin fari. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya raya mana zuriya, amin.